Ranar da Motar Sallau Ta Tafasa

Sallau ɗan Isufu haifaffen Matamaye ne, a wata unguwa da ke bayan kasuwa. Ranar ƙaramar salla aka haife shi, laƙabin ya bi shi har ya danne sunansa na yanka. Dogo ne, baƙi, ba shi da yawan magana tun yana yaro. Kamar sauran mazan garin, da an gama sa hatsi a rumbu sai ya ɗaure 'yan tufafinsa ya nufi Kano cin rani, ba ya dawowa sai hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Rani biyu ya yi yana ga-ruwa a Fagge. A na uku ne ya riƙa kai ruwa wani garejin manyan motoci, kuma in ya juye garwarsa ba ya tafiya, sai ya tsaya yana kallon hannun masu gyara. Mai garejin, wani dattijo da ake kira Malam Ɗanladi, ya lura da shi. Wata rana ya miƙa masa sifana ya ce ya riƙe, daga nan Sallau bai sake ɗaukar garwa ba.

Malam Ɗanladi yana da tabo daga ƙasan kunnensa na hagu har cikin riga, fatar wurin ta yi fari ta tattare. Ba ya ɓoye shi. Duk wanda ya zo koyon aiki, kafin ya koya masa kwance ko ƙusa ɗaya sai ya ja wuyan rigarsa ya nuna masa, ya ce ruwan mota ne, shi ya buɗe murfin da hannunsa don fasinja suna yi masa tsiya. Sannan ya jera masa abin da ake yi, kalma bayan kalma, kamar mai biya wa ɗalibi allo.

"In ka ga tururi, ka tsaya ka kashe ta. Ka ɗaga mata kai ta sha iska, kai kuma ka koma gefe. Kada ka taɓa murfin ruwan sai ka iya ɗora tafin hannunka a kan lagireto ka bar shi a wurin. Kada ka watsa wa inji ruwan sanyi yana da zafi, tsagewa zai yi. In ya huce, ka rufa tsumma, ka murɗa kaɗan, ka bar iskar ta gama fita. Sai ka tada ta, kana zuba ruwa a hankali tana aiki. Kuma ka nemo abin da ya jawo, in ba haka ba gaba kaɗan za ta sake."

Sallau ya haddace. Rani huɗu ya yi a garejin, ya koyi gyara, ya koyi tuƙi. A shekarar 1952 wani mai sayen gyaɗa na Matamaye, Alhaji Rabi'u, ya sayo tsohuwar babbar mota, ya rasa wanda zai ba. Aka ce masa ai ga ɗan Isufu. Sallau ya je Damagaram ya samo permi, takardar tuƙi, ya dawo gida ya zauna. A Kano direba ake ce wa irinsu, a gida kuwa shofer. Da kaka yana jigilar buhunan gyaɗa, sauran shekara ya ɗauki duk abin da aka ɗora masa, hatsi, kanwa, fatu, da mutane a saman kaya.

Matarsa Shekara ta sha bamban da shi. Gajeriya ce mai surutu, in tana dariya har maƙwabta sai sun ji. Ƙuli-ƙuli take yi tana matsar man gyaɗa, kuma duk unguwar babu mai kai ta iya suya. Suna da 'ya ɗaya, Fati. Tun da Sallau ya karɓi motar nan Shekara ba ta taɓa shigarta ba, ta ce warin esansi, wato man mota, yana tada mata zuciya. In ya dawo daga tafiya, daga zaure take sa shi ya tuɓe rigar aiki, tana wankewa tana mita, wai ita ta auri manomi an musanya mata da baƙin tukunya. Shi kuma ya yi murmushi ya ja akushinsa.

Da bazarar 1956, lokacin da zafi yake hana ko jaki motsi, sanƙarau ya shigo garuruwan yankin. Ranar wata Talata Shekara ta ce kanta yana sarawa, ta bar gyaɗa a kan wuta ta shiga ɗaki ta kwanta. Kafin gari ya waye jikinta ya yi zafi rau, wuyanta ya ƙage, ba ta iya sunkuyar da kai. Aka kira ma'aikacin gidan likita, ya zo ya yi mata allura, ya ja Sallau gefe ya ce in da hali a kai ta Damagaram yau ɗin nan, can ne akwai lokotoro, wato babban likita. Sallau ya je wurin Alhaji Rabi'u. Bai gama bayani ba Alhaji ya ce ya ɗauki mota.

Akwai wani abu da Sallau kaɗai ya sani. Bel ɗin da ke juya fankar inji ya fara zarewa ta gefe ɗaya. Ya gani tun makon da ya wuce, ya yi niyyar sayo sabo in ya shiga Kano. Da safen nan ya duba shi, ya danna da ɗan yatsa, ya ƙara ɗaure shi, ya ce wa kansa zai kai.

Aka shimfiɗa tabarma da katifar rimi a bayan motar, aka ɗaura zannuwa biyu a sama don inuwa. Mahaifiyar Shekara, Inna Habsatu, ta hau ta ɗora kan 'yarta a cinya, da salkar ruwa a gefenta. Yayan Shekara, Inusa, ya zauna gaba kusa da Sallau. Mutumin da ke taya Sallau aiki ya tafi sharar gona, saboda haka su huɗu ne kawai. Suka bar gari da hantsi.

Har suka wuce Kance lafiya lau. Bayan nan hanyar ta lalace, rairayi ya yi yawa, motar ta riƙa gurnani tana jan jiki. Rana ta take tsaka. Sallau ya fara jin wari, irin na tukunyar da ruwanta ya ƙone. Sai ya ji wani abu ya bugi ƙarfe, tas, a cikin inji. Ba a yi nisa ba tururi ya fara fitowa ta gaban motar. Ya hango wani babban gawo a gefen hanya, ya lallaɓa ta har ƙarƙashinsa, ya juya ta yadda inuwar za ta sauka a baya inda marar lafiya take, ya kashe.

Inusa ya tambaye shi abin da ya faru, Sallau ya ce ta tafasa. Ya sauka, ya naɗe hannunsa da tsumma, ya ɗaga murfin gaba. Tururi ya tashi, ruwa yana zaɓaɓɓaka a ciki kamar ana dafa wake. Bel ɗin ya tsinke, guntunsa yana reto. Sallau ya koma gefe ya tsuguna.

Inusa ya tsaya a kansa. Manomi ne, mai zafin nama, kuma tun suna yara shi ke goya Shekara. Ya ce ga bidon, wato jarka, cike da ruwa a mota, a zuba mata su tafi. Sallau ya ce ba yanzu ba, sai ta huce. Inusa ya ce yaushe za ta huce. Sallau ya ce bai sani ba, a irin wannan rana tana iya ɗaukar lokaci. Inusa ya dube shi, ya dubi bayan motar, sai ya juya ya kai hannu kan murfin ruwan. Sallau bai san lokacin da ya miƙe ba, sai dai ya ga hannunsa riƙe da wuyan hannun Inusa.

"Yaya Inusa, in ka buɗe wannan, mutum biyu zan kai Damagaram. In kuma ka watsa mata ruwa inji ya tsage, babu wanda zan kai."

"Ƙanwata tana mutuwa, kai kana lallashin ƙarfe."

"Ruwan bidon ba zai isa ba," in ji Sallau. "Ga bukkoki can. Ka je ka roƙo mana tulu biyu."

Inusa ya fizge hannunsa. Ya daɗe a tsaye yana huci, sannan ya kama hanyar bukkokin da gudu-gudu.

Sallau ya kwance igiyar da ake ɗaure tamfol, ya auna ta da tsinkakken bel ɗin, ya yanka. Ya zauna a gindin gawon ya warware bakinta biyu, ya riƙa saƙa su cikin juna yadda ba za a sami ƙulli ba, don ƙulli zai sa ta yi tsalle ta fice. Aikin yana son natsuwa. Daga bayan motar yana jin muryar Shekara. Ba ta cikin hayyacinta. Ta kira Fati sau biyu. Ta ce a rufe tukunyar man nan kada ƙuda ya faɗa. Ta yi wata magana mai tsawo da bai gane ba. Yana jin Inna Habsatu tana matse tsumma, ruwa yana ɗiga a kan katako, tana yi mata addu'a ƙasa-ƙasa.

Taku goma ne tsakaninsa da su, bai je ba. Daga baya ya sha juya wannan a ransa. Wani lokaci ya ce kunyar suruka ce, don shekara tara ke nan bai taɓa haɗa ido da Inna Habsatu ba, in sun yi kiciɓis a hanya ma ratsewa yake yi. Wani lokaci ya ce igiyar ce take hannunsa. Bai taɓa tsayawa a kan amsa ɗaya ba.

Ya gama saƙar, ya jiƙa igiyar, ya tashi ya kai tafin hannunsa kusa da lagireto. Zafin ya kore shi tun bai taɓa ba. Ya koma ya tsuguna. Inuwar gawon ta matsa kaɗan. Wasu awaki suka zo suna tsintar 'ya'yan itacen, suka wuce. Babu motar da ta gifta. Ya sake tashi, ya ɗora hannu, ya janye. Ya lura muryar Shekara ta yi shiru, ya ce a ransa barci ya ɗauke ta.

Inusa ya dawo da mata biyu ɗauke da tuluna. Suka sauke, suka leƙa bayan motar, suka yi sannu, suka koma gefe suka tsaya ba su tafi ba. Sallau ya zura hannu ya ɗaura igiyar a mazaunin bel, ya ja, ya ɗaure. Ya ɗora tafinsa a karo na uku, wannan karon ya iya barinsa. Ya rufa tsumma, ya murɗa murfin kaɗan, iska ta fita tana shii har ta ƙare. Ya buɗe. Ya zagaya gaba ya murza ƙarfen tayarwa, a juyi na biyu ta kama. Ya sa Inusa ya riƙa miƙo masa ruwa a ƙwarya, yana zubawa siriri-siriri, fanka tana juyawa, igiyar ta zauna daram. Ta sha bidon ɗin duka da tulu ɗaya da rabi. Ya rufe, ya saurari injin, ya ji sautinsa daidai.

Sai ya taka tayar baya ya ɗaga kai don ya ce za su tashi. Inna Habsatu ta kwance ɗaya daga cikin zannuwan inuwar ta lulluɓe 'yarta da shi tun daga ƙafa har kai. Tana zaune a miƙe, hannunta ɗaya a kan zanen. Ta dube shi ido cikin ido.

"Malam, juya da mu gida."

Ashe tun kafin Inusa ya dawo Shekara ta cika. Inna Habsatu ta yi shiru ta bar su suka gama aikinsu.

Inusa ya zube a rairayi ya rufe fuska. Matan nan biyu suka fara salati. Sallau ya sauko daga kan tayar, ya ɗauki tsumman da sifana ya mayar da su akwatinsu, ya mayar wa matan tulunansu ya yi musu godiya. Ya shiga ya juya motar, sai da ya yi gaba da baya sau huɗu saboda rairayi. Inusa ya hau baya wurin uwarsa. Sallau ya tuƙo shi kaɗai a gaba, a hankali, kunnensa yana kan inji. Sau biyu ya tsaya ya ƙara ɗaure igiyar. Motar ba ta sake yin zafi ba har Matamaye.

An yi wa Shekara sutura bayan la'asar, aka kai ta kafin magariba. Sallau ya wanke hannunsa da toka da sabulu kafin salla, baƙin mai bai fita daga ƙarƙashin farcensa ba. Ya tsaya a sahu, ya ɗauki makara, ya zuba ƙasa. Da aka zauna a ƙofar gida mutane suna zuwa gaisuwa, duk wanda ya ce ya haƙuri sai ya ce da godiya. Yana jiran abin ya zo masa, irin yadda ya ga ya zo wa Inusa, bai zo ba. Jikinsa kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Ya kama kansa yana tunanin igiyar nan, yadda ta riƙe har gida. Da aka kawo tuwo ya ci, har ya suɗe hannu.

Ranar sadakar bakwai, bayan an shafa fatiha mutane sun ragu, Inusa ya ce da shi a gaban dattawa da bai tsaya ba da sun isa. Sallau ya ce da bai tsaya ba, da motar ba ta ƙara tafiyar da ta kai daga nan zuwa kasuwa ba. Inusa ya ce, "Motar Alhaji dai ta dawo lafiya." Ya sa takalminsa ya fita.

Maganar ta zaga gari. Wasu suka ce Sallau ya ji tausayin motar maigidansa fiye da matarsa. Wasu suka ce duk wanda ya san mota abin da zai yi ke nan. Limamin unguwa ya ce kwananta ne ya ƙare, ko a gadon lokotoro take sai ta tafi. Ma'aikacin gidan likita ma ya tare shi a hanya ya ce yadda ciwon ya kama ta, ko sun isa ba lalle ba ne. Sallau ya saurari kowa da fuska ɗaya. Mutum ɗaya kawai ya je ya samu da kansa, Alhaji Rabi'u, ya faɗa masa cewa ya ga bel ɗin yana zarewa tun kafin ranar. Alhaji ya ce Allah ya riga ya rubuta, in ya shiga Kano ya sayo biyu. Ya sayo biyun.

Fati ta koma hannun kakarta. Inna Habsatu ba ta sake yi masa magana ba, kunyar nan ta dawo kamar yadda take a da, amma kullum yana gari sai an aiko masa da fura daga gidanta. In ya dawo daga tafiya yakan tsaya a zauren ya aika a kira Fati, ya ba ta abin da ya riƙo mata, ɗan kwali ko alewa, ya tambaye ta ko tana lafiya, ta ce lafiya lau. Su yi tsaye kaɗan, sai ya ce ta koma ciki.

Kwana arba'in ba su cika ba ya koma kan hanya. Yana wuce gawon nan sau biyu, wani lokaci sau huɗu a mako. Ba ya rage gudu, ba ya kuma kau da kai. Abin da ya sauya ɗaya ne, kuma sauran shoferori ne suka fara lura. Duk inda ya ga mota a tsaye tana tururi, ko ta wane ne, ko yana ɗauke da kayan da ake jira, sai ya tsaya. Ya sauko ya ce kada a taɓa murfin, ya faɗi sauran yadda aka faɗa masa, ya duba musu abin da ya jawo. Sannan ya tsuguna tare da su har ta huce. Ba ya hira. Fasinjansa su yi ta ƙorafi daga saman kaya, bai ko ɗaga kai. Wani shofer ɗan Magarya ya taɓa ba da labarin cewa sun yi zaman da ya kai a dafa shinkafa a sauke, shi da Sallau, a bakin hanya, kalmar da ta shiga tsakaninsu ba ta wuce biyar ba, kuma da zai tafi ya bar masa sabon bel bai tsaya jin godiya ba.

Bayan shekara biyu yayarsa ta gaji da ganinsa haka, ta nema masa auren wata bazawara mai suna Balki, 'yar Icirnawa. Ya ce to. Balki mace ce mai haƙuri, ta gaya wa ƙawayenta cewa ba ta taɓa ganin namiji marar fitina irinsa ba, ba ya faɗa, ba ya kushe abinci, sai dai zama da shi kamar zama da baƙon da ke jiran mota. Wata rana suna zaune da yamma tana tsince wake, ta tambaye shi wace irin mace ce marigayiyar. Can ya ce tana da dariya. Balki ta jira ko zai ƙara, bai ƙara ba.

A ƙarshen ranin 1959 Alhaji Rabi'u ya sayar da tsohuwar motar, ya ce sabuwa tana tafe, kuma Sallau zai ba. Sallau ya yi godiya ya ce a nemi wani, idonsa ya fara ba shi wahala in rana ta yi tsaka. Alhaji ya dube shi, bai ja maganar ba. Sallau ya kai motar Magarya wurin wanda ya saya, ya nuna masa inda take ɗigar mai da yadda take son a tada ta da safe, ya biyo 'yan kasuwa ya dawo a ƙafa. Ya koma gonar mahaifinsa. Ranar kasuwa kuma yakan kafa 'yar rumfa kusa da inda motoci ke tsayawa, da gawayi da dalma, yana like lagireton da ya huje.

Ruwan farko na wannan shekara ya sauka ranar wata Lahadi da rana. Washegari da sassafe Sallau ya ɗauki sungumi da ƙwaryar iri ya tafi gona. Ya yi layi uku, yana sara yana komowa yana zuba iri, sai ya ji motsi a bayansa. Inusa ne, shekara uku rabon da su gaisa. Ya rame, furfura ta fito masa a gemu. Ya yi sallama, Sallau ya amsa. Inusa ya ce shi ya gama tasa shukar tun jiya da yamma, ya sunkuya ya ɗauki ƙwaryar. Sallau ya ci gaba da sara, Inusa yana biye yana jefa gero yana rufewa da diddige. Suka yi ta yi har rana ta ɗaga. Da suka kai ƙarshen gonar suka zauna suka sha furar da Balki ta kawo. Inusa ya ce Fati ta yi tsawo, ta kusa kamo kakarta. Sallau ya ce haka ne. Inusa ya tambaya ko yana da ragowar irin wake, nasa ƙwari sun cinye. Sallau ya ce akwai, ya aiko a karɓa da yamma.